Gidan Gado: A Yi Shawara Kafin a Taɓa Bango

Yau maganarmu a kan gidan tarayya take, watau gidan da mutane da yawa suke da hakki a ciki, kamar gidan gado wanda ba a raba ba.

A irin wannan gida kowa da ɗakinsa. Amma akwai abubuwan da ba na mutum ɗaya ba ne: zaure, da tsakar gida, da rijiya, da katanga, da hanyar ruwa. A kansu rigima takan tashi. Wani ya fasa zaure ya mai da shi kanti. Wani ya ƙara ɗaki ya toshe hanyar ruwa, in damina ta zo ruwa ya kwanta a gindin bangon ƙanensa har ya zube. Wani ya haƙa masai dab da rijiya, alhali kuwa ma'aikatan lafiya sun ce a bar mita 30 tsakaninsu, don kada ƙazanta ta shiga ruwan sha. Wanda duk aka tambaya sai ya ce, "Ai gidan ubana ne."

To, bari mu yi lissafi. A ce mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi. Ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya maza 2, da mata 3. Bayan an biya bashi da wasiyya, gida zai kasu kashi 8. Matar tana da kashi 1, watau tumuni. Kowane namiji yana da 2, kowace mace tana da 1. Kun ga babban wa kashi 2 kaɗai gare shi, sauran 6 na wasu ne. Nasa ɗin kuwa ba a zaure suke ba, ba a bakin hanya suke ba. Muddin ba a raba ba, kowane tubali na gidan kashi 8 ne. Wanda ya fasa bango bai tambaya ba, dukiyar mutum 5 ya taɓa.

Ku tambayi malamanku abin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a 996. Ta hana mutum ya buɗe taga da za ta leƙa gidan maƙwabci, ko ya yi haƙa mai cutar da shi, ko da a cikin mallakarsa ne. In haka ne a naka na kanka, ina ga na tarayya?

Saboda haka ga abin yi. Da fari, ka tara masu hakki duka. Kada ka manta da mata da ke gidan aure, da mai riƙon marayu. Na biyu, ka kira mai unguwa da shaidu biyu. Na uku, a rubuta takarda: ranar wata, da abin da za a gina, da mai biyan magina, da yadda za a raba kuɗin haya in kanti ne. Kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe tasa. In an kasa shiryawa, a tafi gaban alƙali ya raba gidan. Wannan ya fi ka kashe kuɗinka, sa'an nan a ce ka rushe.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗaki in ya faɗi, da rani a tā da shi. Zumunci in ya faɗi, har jikoki sai su gaji gaba.

Ga amfanin karatun nan naku. Ran da aka kawo takarda, kai da kanka za ka karanta kafin ka sa hannu. Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, amin.