JAWABI GA MANOMA DA 'YAN KASUWA A KAN TSUNTSU JAN-BAKI

Jama'ar Talata Mafara da Bakura da Maradun, manoma da 'yan kasuwa, manya da ƙanana. Abin da ya tara mu yau shi ne maganar jan-baki, ɗan tsuntsun nan da bai cika tafin hannu ba, amma yakan mai da wahalar wata huɗu ta zama ƙaiƙayi.

Masana sun ƙiyasta tsuntsu guda yana cin kamar giram 10 na hatsi a yini. Kada ku raina wannan. Garke mai miliyan 2 sai ya lashe tan 20 kafin rana ta faɗi, wato buhu 200 mai kilo ɗari, ban da wanda ya kakkaɓe ƙasa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

To, me ya sa ya san hanyar ƙasarmu? Asalin abincinsa 'ya'yan ciyawar daji ne. In suka ƙare, ko ruwan farko ya sa suka tsiro, sai ya nemi gona. Tun da aka gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978, ga ruwan sha, ga shinkafar rani tana nuna sa'ad da daji ya bushe. Ya fi ɓarna lokacin da ƙwaya ta yi nono, kuma da sassafe da la'asar yake sauka.

'Yan'uwa, dukanmu mun san tsaron da muka gada: igiya da gwangwani, ganga, majajjawa, mutum-mutumi. Suna da amfani, amma tsuntsun yakan saba da abin da ba ya motsi cikin 'yan kwanaki, sai a riƙa sauya masa wuri. Kuma wanda ya kore shi daga gonarsa, gonar maƙwabcinsa ya tura shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka ga shawararmu.

Na farko, masu fadama ɗaya mu shuka tare, mu girbe tare. Gonar da ta riga nuna, ko ta makara, ita kaɗai garke zai aukar wa.

Na biyu, mu nome ciyawa a gona da bakin kwalbati, don 'ya'yanta ke fara kiransa.

Na uku, mu raba tsaro tsakanin manya, safe da yamma, kada a hana yara makaranta saboda tsuntsu. Mai hali ya rufa raga a kan gonar iri. Da hatsi ya nuna a yanke, kada a bar dami a fili.

Na huɗu, wanda ya ga inda suke kwana ko sheƙa, cikin ƙaya ko ciyawar bakin ruwa, ya gaya wa mai unguwa da malamin gona nan da nan. Feshin jirgin sama a makwancinsu yake aiki, da magariba, kuma aikin Gwamnati ne, ya fi ƙarfin talaka. Mu nema da murya ɗaya, tun kafin shinkafa ta fid da kai. Amma ku sani maganin nan, fenthion, guba ne. Yana kashe wasu tsuntsaye, yana cutar mutum. A nisanta yara da dabbobi daga wurin.

Ku kuma 'yan kasuwa, abin ya shafe ku. In gona ta tashi babu komai, mudu zai yi tsada, mai saye ya ragu. Kuma muna roƙonku, kada ku sayi tsuntsun da aka tsinto bayan feshi. A ƙasar Chadi da raga ake kama shi a kai kasuwa, wannan nama ne mai kyau. Na feshi kuwa sai rami.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mana amfanin gonarmu, amin. Wassalamu.