Jirgi da Injinsa: Lacca a Dutse kan Ɗaura wa Kwale-kwale Inji



Wani zai ce me ya haɗa Dutse, garin duwatsu, da zancen injin jirgin ruwa? To, Ringim, Taura, Jahun da Miga ba nisa gare mu, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san an yi makonni kwale-kwale ne motar haya, shi ne motar asibiti. Kogin Haɗeja kuwa yana da halinsa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canza, kachala ta toshe hanyoyi, yashi ya cike wasu. Ruwa ne marar zurfi mai ciyawa. Injin da ya yi daidai da Kwara a Yawuri ba lallai ya dace da shi ba.

In mai jirgi ya shiga kasuwa, tambayarsa ta farko ita ce, "Doki nawa ne?" Da ya fara tambayar nauyi, da ya fi. Yamaha Enduro mai doki 15 ya kusa kilo 40. Mai doki 40 yana wajen kilo 70. Ku ƙara jarkar fetur, ku ƙara matuƙi, duk a gindin jirgi. Dogon kwale-kwale siriri yana da iyakar gudu. In aka matsa masa ya wuce nan, sai gindi ya nutse, goshi ya ɗaga, mai ya yi ta ƙonewa a banza. A ganina, doki 15 ya ishi yawancin jiragen fitonmu.

Babban inji yana da wata illa da ba a cika faɗa ba: yana ɓoye lodi. Mai filafili yana jin nauyin fasinja a damtsensa, zai ce, "Malam, dakata sai sahu na gaba." Mai inji sai ya murɗa hannu kawai, jirgi ya tafi alhali tazarar da ke tsakanin bakinsa da ruwa ba ta kai taƙi ba. Ba mu manta Bagwai ba, ranar 30 ga Nuwamba 2021, da jirgi ya kife a madatsar Watari da ɗaliban Islamiyya, aka ɗora alhakin a kan lodin da ya wuce kima.

Sai ƙafar inji. Akwai gajera, inci 15, akwai doguwa, inci 20. A sa tef a auna daga saman katakon da inji zai hau zuwa ƙasan jirgi. Akwai wani faifan ƙarfe a saman farfela; shi ake so ya yi daidai da ƙasan jirgin, ko ya ɗan sauka kaɗan. In ya yi sama, farfela ta shaƙi iska, inji ya yi ta kururuwa ba tafiya, kafar shan ruwan sanyaya shi ta fito fili ya ɗau zafi. In ya yi ƙasa da yawa, ya riƙa nomar yashi yana naɗo ciyawa.

Jiragenmu da dama masu tsini ne gaba da baya, don haka kafinta zai yanke gindin ya kafa katako mai kauri. Da noti mai ratsawa za a kama shi, ban da ƙusa, domin girgizar inji tana zare ƙusa a hankali ba a sani ba. Inji ya zauna tsakiya cif, ƙafarsa a miƙe. A ɗaure maƙallansa biyu, a sake taɓa su bayan tafiyar farko, sannan a ɗaure shi da igiya a jikin jirgi, don in ya suɓuce kada a shiga neman masu nutso. A ruwa marar zurfi, a bar makullin ƙafar a buɗe yayin tafiya gaba, ta yadda in ta doki kututture za ta ɗago da kanta.

Kafin a ɗauki mutum ko ɗaya, a loda buhunan yashi daidai nauyin fasinja a zaga. Matuƙi ya maƙala igiyar kashe inji a wuyan hannunsa, ya riƙa waiwayen ɗan siririn ruwan da inji ke tsartarwa ta baya. In ya ɗauke, a kashe nan take, a ɗago ƙafa, a cire kachala.