Jawabi Kan Girgizar Ƙasa Ga Mazauna Ajame Da Tireshbil

Kun tambaye mu ko ƙasa na girgiza a yankin nan. Ba kasafai ba, amma ta rushe gidaje a Akara a 1939, ta kashe mutane a Gini a 1983.

A nan Kodibuwa, tashar Lamto ke sauraron ƙasa. Motsin kan zo kashi biyu, mai sauri da mai jinkiri. Tazarar isowarsu ke nuna nisa, tashoshi uku kuma su nuna inda ya taso.

Abin tsoronmu tsofaffin benaye ne. Wanda bangonsa ya tsage, ya sanar da mu yau. In ƙasa ta motsa, mu shige ƙarƙashin tebur, ban da turereniya a matakala. Lambar 'yan kwana-kwana 180. Allah ya kiyaye mu.