Lacca: Ƙurar Ɗaki da Lafiyar Yara



Maganar yau a kan ƙura ce. Ba ta hunturu kaɗai ba, har da wadda ke kwance a ƙarƙashin gado. Babba yana taka ta ya wuce. Yaro mai rarrafe kuwa a cikinta yake wuni. Ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Shi ya sa ya fi kowa haɗiye ta.

A shekarar 2010 an ga abin tashin hankali a Jihar Zamfara. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, mutane suna kawo duwatsun zinariya gida suna dakawa. Ashe akwai gubar dalma a ciki. Ƙurar ta bi tsakar gida da ɗakuna. Yara suka riƙa suma da jijjiga. Fiye da 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje, aka zuba sabuwa.

Wani zai ce ai nan ba a dakan zinariya. Gaskiya ne. Amma manomin fadama a Auyo ko Guri yakan ajiye maganin feshin shinkafa a ɗakin kwana. Ya dawo gona, ya kakkaɓe rigar feshi kusa da yara. Wannan sakaci ne.

Akwai kuma wani magani da Turawa suka daɗe suna sa wa soson kujera da kwankon talabijin, don kada su yi saurin kama wuta. Idan kayan sun tsufa, maganin yakan fito ya gauraya da ƙura. Ba ya wari, ba a ganinsa. Masana sun gano yana iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro. A 2009 ƙasashen duniya suka amince a hana wasu irinsa, amma tsofaffin kayan gwanjo suna nan a gidaje.

To, mene ne abin yi? Uwargida ta yayyafa ruwa kafin shara, ta fitar da yara tukuna. A goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma. A shimfiɗa wa jariri tabarma. A wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci abinci. Kujerar da ta yage a ɗinke ta. Kada a ƙona tsohon soso a cikin gida. Maganin feshi kuwa, maigida ya nema masa wuri daban mai kwaɗo.