BATUREN DA YA BI GINE-GINENMU NA ƘASA DA MA'AUNI

 

Yau hirarmu a kan wani masanin zanen gine-gine ce, mutumin ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski. Sunan yana da wuyar faɗi, ku ce Domohoski kawai. Kafin wani ya ce ina ruwanmu da mutumin Poland, ku ɗan ba ni aron kunnuwanku.

Tun a shekarun 1930, yana matashi a birnin Warsaw, aikinsa shi ne shiga ƙauyuka yana auna tsofaffin gine-ginen katako yana zana su a takarda. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ya tsinci kansa a Ingila. A 1944 sojojin Jamus suka rushe mafi yawan Warsaw. To, da aka tashi sake gina tsohon garin, me aka dogara da shi? Tsofaffin hotuna, da irin waɗancan zane-zanen da malamai da ɗalibai suka auna tun kafin yaƙi. Ku riƙe wannan. A 1956 kuma ya fitar da littafi a Landan kan tarihin gine-ginen ƙasarsu, majami'u da fadoji da gidaje.

A 1958 ya zo Najeriya, ya kama aiki da hukumar kula da kayan tarihi. Ya yi ta zagaye da matasan da ya horar, suna auna masallatai da fadoji da gidajen talakawa. Tsawon bango nawa, kaurinsa nawa, yaya aka jera azara, yaya aka ɗaure bakan gizo har ya ɗauki nauyin soro ba ƙarfe ba siminti. Ya koma gida a 1965, ya sake dawowa a shekarun 1970. A Jos aka kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya bisa jagorancinsa, inda magina suka gina kwafin wani sashe na ganuwar Kano, da fadar Katsina, da masallacin Juma'a na Zariya. Ya rasu a 1982. Sai a 1990 aikin ya fito, littafi mai juzu'i 3, na farko kacokan a kan Arewa.

Mu tsaya kan masallacin Zariya. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. A shekarun 1970 aka yi masa babban gyara, aka lulluɓe abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini na zamani. Yau mai son sanin yadda fasalinsa yake a da, sai ya duba zanen da aka auna, ko ya je Jos. Ka ga amfanin awo ke nan.

Kada kuma a ɗauka Bature ne ya koya mana gini. A'a. Ilimin na maginanmu ne, su suka san ƙasar da ta dace da tubali, da giginyar da za a tsaga a yi azara, da yadda ake haɗa makuba don ruwa ya zame daga bango. Shi dai ya zo ya auna, ya rubuta. Matsalar ita ce nasu ilimin a ka yake da hannu. Tsohon magini in ya rasu, 'ya'yansa kuma sun koma buga bulo, shi ke nan an rufe shi da abinsa.

Yanzu mu dawo gida. A Argungu muna da Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar Sarkin Kabi, wadda sarakuna suka zauna cikinta har 1942, aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1958, shekarar da wannan mutumin ya iso Najeriya. Muna da kufan Surame, birnin Muhammadu Kanta na ƙarni na 16, mai ganuwar dutse, wanda yanzu yake cikin Jihar Sakkwato. Waɗannan ko ba komai an san da su. To zauren gidan kakanka fa? Tsohon masallacin unguwarku fa, mai zankwaye da indararo?

Mu mutanen fadama ne, mun san halin ruwa. Ambaliyar 2020 ba shinkafa kaɗai ta ci ba, ta kwashe gidajen ƙasa masu yawa a jihar nan. Wanda ruwa ya bari, mu da kanmu muke rushewa mu zuba bulo da kwano, sai bazara ta zo a rasa wurin kwana saboda zafi. Ba na cewa kowa ya zauna a ginin ƙasa dole. Yaɓe duk shekara kuɗi ne, azara ta yi wuya, kuma mai gida ya fi kowa sanin inda ke masa yoyo.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Kafin a sa diga, a auna. Tef ɗin awo, takarda, da wayar da ke hannunka sun isa. Ɗauki hoton kowace kusurwa, ciki da waje, har rufin. Rubuta sunan maginin da zamanin da aka yi ginin. In akwai tsohon magini a unguwa, je ka gaishe shi, ka ce, "Baba, yaya ake ɗaurin guga?" ka naɗi muryarsa. Ɗalibanmu na kwalejin Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ga aikin kammala karatu a ƙofar gida.

Wane tsohon gini ne har yanzu yake tsaye a garinku? Ku faɗa mana sunansa da unguwar da yake.