Ruwan da ke Tsatso a Gindin Dam

Tun ranar 10 ga Satumba, 2024, da ruwan Dam ɗin Alau ya mamaye Maiduguri, kowa na ɗora laifi a kan damina. Gaskiya ruwan sama ya yi yawa. Amma madatsar ƙasa ba siminti ba ce. Tarin ƙasa ce da aka daddaɓe, galibi da yumɓu a tsakiya, kuma dama ruwa na ratsa ta a hankali. Injiniya ba ya tsoron tsatson da ke fita garau. Abin tsoro shi ne wanda ke fita da laka, domin alama ce ruwa ya fara sassaƙa wa kansa hanya ta ciki. Haka ya kayar da Dam ɗin Teton a Amurka a 1976, a cikarsa ta farko.

Sai kuma ruwan da ya haura bisa ganuwar saboda mafitar rara ta yi kaɗan ko ta toshe. Wannan cikin awoyi yake cinye ta. Mutanen Kano ba su manta ɓallewar Dam ɗin Bagauda a 1988 ba.

Ni dai, in na je dam, bayan ganuwar nake fara dubawa: saiwar bishiya, ramin gara, da wajen da ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar rani.