Ziyarar Dutse Da Duwatsun Birnin Kudu

Yau ina so in ɗauke ka yawon buɗe ido, ba kuwa nesa za mu ba.

A Ingila akwai wani tsohon birni ana ce da shi Salisbiri. Mutane su kan zo daga ƙasashe masu nisa su ga babbar majami'arsa, wadda aka soma gininta a shekarar 1220. In sun gama su kan fita bayan gari su ga waɗansu manyan duwatsu da mutanen farko suka kakkafa. Mu ma muna da irin wannan a ƙofar gida, sai dai da yawa cikinmu sun tsufa ba su taɓa leƙawa ba.

In ka taso daga Kano, ka wuce Wudil, sai ka karya a Kwanar Huguma, hanya ta kai ka Dutse. Tun daga nesa za ka san dalilin sunan, gama duwatsu ne tuli-tuli, wani bisa wani, ga dabino tsaitsaye a tsakaninsu. Sabon gari ya yi girma tun 1991, sa'ad da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano aka mai da Dutse babban birninta. Amma kada ofisoshi su tsai da kai. Ka tambayi hanyar Garu, can ne tsohon gari, can kuma fadar Sarki ta ke.

Tsofaffi su kan ce wani maharbi ne mai suna Dunamagu ya fara sauka a wurin, ya tarad da gada da yawa, shi ya sa a ke cewa Dutse Gadawur. Wannan labarin baka ne. Na rubuce kuwa yana cikin littafin tarihin sarakunan Kano. A ciki an ce Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, ya auri 'yar Sarkin Dutse. Ka ga ke nan fiye da shekara 500 da suka wuce garin yana da sarkin da Kano ke neman surukuta da shi. Bayan wajen shekara 300 wani Sarkin Kano, Kumbari, ya zo da yaƙi, saura kaɗan ya ci garin, amma bai shiga ba. Ka tsaya a Garu ka ɗaga kai ka dubi duwatsun da suka kewaye shi, za ka gane wahalar da mai doki zai sha a nan. In ka isa ƙofar fada ka yi sallama, ka nemi izini wurin dogarai, ka dubi zanen da magina suka yi wa bango.

To, kashegari da sassafe sai Birnin Kudu, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba. A nan ne abin da na fi so ka gani ya ke. Kusa da garin akwai Dutsen Habude, da Dutsen Mesa, da Dutsen Murufu. Ƙarƙashin waɗansunsu akwai wuri kamar rumfa, inda ruwan sama ba ya bugu. A jikin dutsen mutanen da suka zana shanu da jan launi, waɗansu kuma da fari. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, shi ya kai labarinsu ga masana na duniya wajen 1955, ko da ya ke mutanen garin sun san da su tun kaka da kakanni.

Kada ka yi gaggawa. Da fari ba za ka ga kome ba sai ja-ja a jikin dutse. Ka zauna, idonka ya saba da inuwa, sa'an nan ƙafafu su fito, ƙaho ya fito. To, yanzu dubi gadon bayan saniyar. Ina tozo? Babu. Kai da ka tashi cikin shanu ka sani bunaji da rahaji duk masu tozo ne. Waɗannan kuwa bayansu a shafe ya ke, kamar na muturu da a ke samu a kudu. Masana sun ce shanu marasa tozo su suka riga masu tozo zama a Afirka. Watau mai zanen nan ya nuna maka irin dabbar da ya sani a zamaninsa, shi da bai bar mana ko harafi ɗaya ba. Ni a ganina wannan karatu ne, kuma makiyayi ya kan riga malami ganewa.

Nan kusa akwai waɗansu duwatsu masu amo. In ka ɗauki ƙaramin dutse ka ƙwanƙwasa, sai ka ji ƙara kamar ta ƙarfe. Za ka ga gurabu a jikinsu inda bugu ya cinye dutsen, ka kuwa san dutse ba ya lotsawa a shekara ɗaya ko goma. A da, in za a yi wa yarinya aure, a kan kai ta wurin duwatsun nan tare da ƙawayenta.

Ga roƙona. Na san wanda ya koyi rubutu sabo-sabo hannunsa ya kan yi ƙaiƙayi, ko ina ya ga fili yana so ya sa sunansa. Kada ka yi wannan a nan, ko da gawayi ko da alli. Kada ka watsa wa zanen ruwa wai don ya fito sosai, kada ka shafa shi da hannu, kada ka hura wuta a gindinsa, gama hayaƙi yana rufe shi. In ya goge ba mai iya mayar da shi. Wuraren nan suna cikin kayan tarihin da Hukuma ke tsarewa, saboda haka ka nemi mai kula da su ya raka ka. Ka riƙe ruwan sha da takalmi mai kama dutse, ka kuma yi ƙoƙari ka sauko kafin rana ta take tsaka, don dutsen ya kan yi zafi ƙwarai.